Tarihin Kalmar "Bebi" da Matsayinta Cikin Sunayen Alkunya a Gabashin Kano

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin kalmomin aro a Hausa sun fi mai da hankali ga sunayen abubuwan da Hausawa ba su da su kafin zuwan baƙi, watau irin su mota da tebur da asibiti da makamantansu. Dalilin aron irin waɗannan kalmomi a fili yake, domin abu ne ya zo, sunansa ya biyo shi. Amma akwai wani rukuni na ararrun kalmomi wanda wannan bayani bai isa ya warware shi ba, shi ne rukunin kalmomin da aka aro alhali kuwa harshe yana da nasa birjik. Kalmar "bebi" tana cikin wannan rukuni. Bahaushe yana haihuwa tun kafin ya ga Bature, kuma yana da jariri da jinjiri da ɗan goyo da ɗan lele da shalele da auta. Duk da haka kalmar ta shigo, ta wuce zaure, ta isa ɗakin mai jego, har ta zama sunan da wasu 'yan mata ke amsawa tun suna goye har su yi aure.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun wannan kalma tun daga ƙasar Ingila har zuwa karkarar gabashin Kano, watau ƙasar Gaya da Ajingi inda garin Gafasa yake. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa gurbin da kalmar ta samu a gidan Bahaushe tsohon gurbi ne, watau gurbin alkunya ko sakaya suna, wanda kalmomin Fulatanci da na Larabci suka riga ta zama a cikinsa. Daga nan kuma za a auna abin da al'ada ta riƙe da abin da ya suɓuce mata a sanadiyyar wannan aro.

2.0 Asalin Kalmar da Ma'anoninta a Ingilishi

A Ingilishi ana rubuta kalmar "baby". Ta fara bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 14, tare da 'yar'uwarta "babe", kuma masana asalin kalmomi sun tafi a kan cewa dukansu biyu kwaikwayo ne na gwarancin jariri. Wasalin ƙarshe, wanda ake rubutawa da harafin y, ɗafi ne na ƙanƙantarwa da nuna so, shi ne kuma ke cikin "daddy" da "mummy". Aikinsa ya yi kama da aikin "ɗan" da "'yar" a Hausa, kamar inda uwa za ta ce "ɗan yarona" ko "'yar baiwar Allah". Ke nan tun daga tushe kalmar tana ɗauke da lallashi a jikinta. A rubutu mai nauyi na wancan zamani "babe" aka fi so, ita ce ma ke cikin fassarar Baibul ta 1611 da aka yi bisa umurnin Sarki James. Daga baya ne "baby" ta rinjaya ta zama kalmar yau da kullum.

Masanin harshe Roman Jakobson ya bayyana a 1960 dalilin da ya sa harsunan da ba su haɗa dangi ba suke kiran iyaye da kalmomi masu kama da juna. Sautukan da ake yi da leɓɓa, watau b da p da m, su ne jariri ke fara iya furtawa, sai manya su ɗauki wannan gwaranci su ba shi ma'ana. Daga wannan tushe Hausa ta sami "baba" da "mama", har ma "mama" tana nufin uwa tana kuma nufin nono. Saboda haka lokacin da "bebi" ta iso ƙasar Hausa ba ta yi wa kunne nauyi ba.

Kalmar ta yi rassa a Ingilishi. A ƙarni na 16 an yi amfani da ita da ma'anar 'yar tsana. Ana kiran autan gida da ita ko da ya girma, ana kuma gorantawa babban da ke halin yara da ita. Tsakanin ƙarni na 19 da na 20, musamman a Amurka, ta sami ma'anar masoyi ko masoyiya, waƙoƙi da finafinai kuma suka yaɗa wannan ma'ana cikin duniya. Uku daga cikin waɗannan ma'anoni sun iso Hausa, watau jariri da 'yar tsana da masoyiya, amma kowace da hanyar da ta biyo da kuma lokacinta.

3.0 Ƙasar Gaya da Baƙin Kalmomi

Gafasa tana cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, a gabashin Jihar Kano, kusa da iyakar Jihar Jigawa wadda aka cire daga Kano a 1991. Ajingi da Gaya ƙasa ɗaya ce a tarihi, kuma masarautar Gaya da aka sake kafawa a 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Ƙidayar 2006 ta ba Ajingi mutum fiye da 170,000, akasarinsu Hausawa da Fulani, manoma da makiyaya.

Wanda ya dubi wannan yanki a yau zai iya ɗauka lungu ne da baƙin kalmomi ba sa isa da wuri. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Labarin baka ya nuna cewa daga Gaya ne maƙeran nan da ake kira Abagayawa suka tafi Dala neman tama. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci zuwan Agalfati ɗan Sarkin Macina ta wajen Barno, wanda ya zama Sarkin Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu, tsakanin 1452 da 1463. Watau dai Gaya ƙofar gabas ce ta Kano, kuma ta gabas ne kalmomi da dama suka shigo Hausa. Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka iso.

Abin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne aron da aka yi daga Fulatanci. Zaman tare da auratayya, musamman bayan jihadin 1804, sun sa Hausawa sun karɓi baffa da kawu da goggo, alhali suna da hanyar faɗin ƙanen uba da ɗan'uwan uwa da 'yar'uwar uba. Wannan shaida ce cewa Hausa ta saba aron kalma a fagen dangantaka, wanda shi ne fage mafi kusa da zuciya, tun kafin a ji ɗuriyar Ingilishi.

4.0 Alkunya: Gurbin da Kalmar Ta Tarar

Bahaushe yana raɗa wa ɗansa sunan yanka a rana ta bakwai, amma sau da yawa ba da wannan suna za a riƙa kiransa a cikin gida ba. Manyan dalilan sakaya suna guda huɗu ne. Na farko shi ne kunyar ɗan fari, inda uwa, wani lokaci har da uba, ba ta kama sunansa ba ta kuma nuna masa so a gaban jama'a. Baba ta Karo ta yi bayanin wannan kunya a labarin rayuwarta da Mary Smith ta ɗauka a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Na biyu shi ne takwara, watau a sa wa jariri sunan kakansa ko kakarsa. Na uku shi ne girmama mai sunan asali, annabi ne ko sahabi ko malami ko basarake, wanda ya sa ake kiran Abubakar da Garba, Umaru da Sanda, Usman da Shehu, Yusufu da Maitama, A'ishatu da Indo, Hauwa'u da Kulu. Na huɗu shi ne tsoron wabi, inda matar da 'ya'yanta ke mutuwa take kiran wanda ta haifa da Ajuji ko Abarshi ko Bawa, don a nuna kamar ba a damu da shi ba.

Dalili na biyu ya fi sauran bayyana tarihin aro. A ɗauka wani magidanci ne a Gafasa, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u, aka haifa masa 'ya mace ya yi wa uwarsa takwara. Shi ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa a tsakar gida ba, balle matarsa, wadda sunan surukarta ne. Dole a nemi abin da za a sakaya. Da Hausa tsantsa sai a ce Uwa ko Uwani. Inda Fulatanci ya yi tasiri sai a ce Inna ko Goggo. Da karatun Islamiyya ya yawaita sai Ummi da Walida suka yi kasuwa. A gidajen da boko ya shiga kuwa sai a ji Momi ko Mami. Haka abin yake ga ɗa namiji: Baba da Babangida, sa'an nan Baffa, sa'an nan Abba da Halifa, sa'an nan Dadi. Harsuna huɗu ke nan, amma aikin guda ne, watau a kira jariri da matsayin wanda ya ci sunansa.

Ya kamata a lura cewa Baturen Ingila ba ya kiran jaririnsa "daddy" ko jaririyarsa "mummy" a matsayin suna. Wannan amfani na Bahaushe ne. Kalmar ce kaɗai aka aro, tunanin da ke ƙarƙashinta kuwa na gida ne, kuma ya yi daidai da wasan kakanni da jikoki, inda kaka ke kiran jikanta maigida ko ango, tana kiran jikanyarta kishiya.

Ban da waɗannan akwai wani rukuni na laƙabi wanda ke ba da labarin haihuwa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi ya zo bayan rasuwar ubansa, Shekarau ya daɗe a ciki, Cindo yana da yatsa shida, Nomau ya zo lokacin noma, Azumi da Tasalla sun zo da azumi ko salla, Ladi da Talatu da Balarabe da Jummai da Asabe kuma suna faɗin ranar haihuwa. Irin waɗannan sunaye sukan danne sunan yanka har a manta da shi. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rayu daga 1933 zuwa 2001, sunanta na yanka Hajaratu, amma da Gambo duniya ta san ta saboda ta biyo tagwaye. Za a koma kan wannan rukuni a gaba, domin a nan ne hasarar take.

5.0 Zangon Farko: "Boyi" Kafin "Bebi"

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari kuma ya kafu jim kaɗan bayan haka. Kalmomin Ingilishi da suka shigo a wannan zango kalmomin mulki ne da aiki: soja, bariki, ofis, masinja, kuku, boyi. Ta ƙarshen nan ita ce kalmar yara ta farko da Hausa ta karɓa daga Ingilishi, kuma babu ɗigon lallashi a cikinta.

Tarihin "boy" a Ingilishi yana da ban sha'awa. A wajen shekarar 1300 ma'anarta bara ko talaka maras galihu, daga baya ne ta koma nufin yaro namiji. A ƙasashen da Ingila ta mallaka kuwa tsohuwar ma'anar ce ta yi aiki, har ana kiran mai furfura da ita muddin shi ke share gida da wanke kwanuka. Hausa ma tana da irin wannan harshen damo a kalmar "yaro", kamar a yaron sarki ko yaron gida. Sai dai yaron gida yana da ubangida wanda ke ɗauke da cinsa da suturarsa har da aurensa, boyi kuwa ɗan albashi ne da za a iya sallama a ƙarshen wata. Don haka Hausa ta ware "boyi" ga hidimar gidan Bature da ta ma'aikata, ta kuma ƙirƙiro "boyi-boyi" don aikin da ake rainawa.

A bariki da Sabon Gari an kuma ji "pikin" ta Turancin buroka, wadda asalinta daga harshen Fotugal ne, daga kalmar da ke nufin ƙarami. A kudancin Nijeriya kalma ce ta yau da kullum, amma 'yar'uwarta da ta ƙetara Amurka ta rikiɗe ta zama zagi ga 'ya'yan baƙar fata. Ita "pikin" ba ta sami shiga gidan Bahaushe ba, ta tsaya a bakin kasuwa da tasha.

Dalilin da ya sa kalmar lallashi ba ta shigo a wannan zango ba shi ne irin Ingilishin da Hausawa suka ji. Yawancin jami'an mulkin mallaka ba su zauna da ƙananan 'ya'yansu a Arewa ba, a Ingila ake barinsu. Waɗanda suka yi hulɗa da Turawa kuma maza ne, sojoji da leburori da ma'aikatan En'e. Ingilishin umurni suka ji, ba su ji na reno ba. Sunan lallashi kuwa a bakin mata yake, saboda haka sai da Ingilishi ya kai ga mata tukuna.

6.0 Zango na Biyu: Hanyoyin da "Bebi" Ta Biyo

Hanya ta farko ita ce asibiti da kanti. A ɗakin haihuwa, jaririn da ba a raɗa wa suna ba akan rubuta shi a kati da kalmar "baby" haɗe da sunan uwarsa, haka kuma ma'aikatan jinya ke kiransa. Wannan ya zo daidai da wani giɓi a al'ada, watau kwana bakwai ɗin da jariri ke yi kafin a bayyana sunansa, lokacin da ake ce masa baƙo ko baƙuwa ko jinjiri kawai. Sunan da aka saba da shi a makon nan yakan liƙe, musamman idan ɗan fari ne wanda dama uwarsa ba za ta kama sunansa ba. A kanti kuma kalmar tana rubuce a jikin gwangwanin hoda da sabulu da man shafawa, irin su Cussons Baby da Pears Baby, waɗanda ke cikin kayan barka da ake kai wa mai jego. Ta wannan hanya ce kuma ma'anar 'yar tsana ta iso. Yarinyar da a dā take goya 'yar tsanar kara ko ta ƙashi, da ta roba ta zo kasuwa sai aka kira ta 'yar bebi, aka bar wa ta gida tsohon sunanta.

Hanya ta biyu ita ce makaranta. An buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a wajen 1930, amma ɗalibansu kaɗan ne, akasari daga gidajen sarauta. Sai da aka kafa Jihar Kano a 1967, ma'aikata suka yawaita, sa'an nan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai makaranta ƙauyuka, kafin a sami iyaye mata masu yawa waɗanda suka zauna a aji suka ji Ingilishi. A gidajen ma'aikata na birni ne Momi da Dadi da Bebi suka fara zama, suna kuma ɗauke da alamar wayewa, kamar yadda Ummi da Halifa ke ɗauke da alamar ilmin addini.

Hanya ta uku ita ce littafi da fim da waya. Littattafan soyayya na kasuwar Kano sun bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya a 1990, wayar hannu ta zo a 2001. Ta nan ma'ana ta uku ta shigo, watau masoyiya, ta zauna kusa da sahiba da rabin rai da abar ƙauna.

Garuruwa irin su Gafasa sun sami kalmar ne daga bakin 'yan'uwansu Hausawa, ba daga bakin Bature ba. Ɗan ci-rani da ya yi rani a Kano ko Legas, da amaryar da aka kawo daga birni, da malamar asibitin sha-ka-tafi, da ɗan koli mai baza kaya ranar kasuwa, da waya mai ɗauke da finafinai, su ne 'yan rakiyarta. Wannan ya sa wadda ke kiran 'yarta Bebi a karkara ba lalle ne ta ɗauka Turanci take yi ba, kamar yadda mai cewa kawu ba ya jin yana Fulatanci.

7.0 Yadda Kalmar Ta Zauna a Harshe

Ta fuskar sauti, tagwan wasalin da ke gaɓar farko a Ingilishi ya koma dogon wasalin e, kamar yadda ya faru a tebur da tela da reza da rediyo. Gaɓar da ke ɗauke da nauyi a Ingilishi ta ɗauki karin sama, ta biyu ta sauka, wanda shi ne tsarin da akasarin kalmomin aro na Ingilishi ke bi. Da yake kalmar ta ƙare da wasali, ba a bukaci ƙara mata kome ba, saɓanin "boy" da ta zama boyi.

Ta fuskar nahawu, kalmar tana karɓar mahaɗin -n ko da mace ake nufi: bebina, bebin Hauwa, Bebin Malam. Amma wakilin suna yana bin jinsin wanda ake magana a kansa, a ce "Bebi ta yi barci". Wannan ba baƙon abu ba ne, domin haka ake cewa "gwamnatin jiha ta sanar". Abin lura kuma shi ne Hausa ba ta yi wa kalmar siga ta mace ba kamar yadda ta yi jariri da jaririya. Dalili shi ne gurbin a cike yake, don "bebiya" tana nan tun dā a matsayin macen bebe, kuma babu uwar da za ta so a kira 'yarta haka.

A matsayin suna, kalmar ta fi liƙe wa mata. Ana iya kiran jariri namiji bebi yana goye, amma da ya fara tafiya sai a koma ga Dadi ko Abba ko Halifa. Wannan ya dace da tarbiyyar Bahaushe, wadda ke gaggauta fitar da yaro namiji daga shagwaɓa.

8.0 Riba da Hasara

Akwai masu ganin shigowar waɗannan sunaye alama ce ta mutuwar al'ada. Bayanin da ya gabata ya nuna cewa al'adar sakaya suna tana nan da ranta, har ma ƙarfinta ne ya sa take jawo kalmomi daga kowane harshe da ta ci karo da shi. Matar da ta kira 'yar farinta Bebi ta kiyaye kunyar da kakarta ta kiyaye, ta kuma sami abin da kakar ba ta samu ba, watau hanyar nuna so a fili ba tare da ta kama suna ba. Wannan riba ce.

Hasarar kuwa iri uku ce. Ta farko ita ce ɓacewar labari. Wanda ya ji Tanko ko Gambo ko Audi ya san wani abu game da gidan da aka haifi mai sunan, ko da bai taɓa shiga gidan ba. A al'ummar da ba ta rubuta ranar haihuwa, waɗannan sunaye su ne rajista. Momi da Dadi sun riƙe rabin wannan aiki, tun da suna nuna an yi takwara. Bebi kuwa ba ta faɗin kome sai ƙuruciya, ita kuma ƙuruciya wucewa take yi.

Ta biyu ita ce karon ma'ana. Hausawa na cewa suna linzami ne. Uwani da Inna da Ummi suna girma tare da mai su, har ranar da za ta zama uwa ta gaske sunan ya dace da ita. Bebi tana yi wa mai ita kaɗan tun tana budurwa, sa'an nan ga ma'anar masoyiya tana jiranta a bakin samari. Kalmar da uwa ta furta don kunya ita ce ɗan tasha zai furta don rashin kunya, kuma yarinyar ce ke tsakiya.

Ta uku ta shafi takardu. Sunayen alkunya sun saba shiga rajistar makaranta, domin da su yaro ke amsawa ranar da aka kai shi aji ɗaya. Ta haka Abba da Baffa da Uwani da Balarabe suka zama sunayen da ke kan takardun shaida. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa a Nijeriya, kuma tun 2021 ba a rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Yarinyar da takardar haihuwarta ke ɗauke da Hauwa'u, ta firamare kuma ke ɗauke da sunan da ake kiranta a gida, za ta sha zirga-zirgar gyara, kuma wannan wahala ta fi tsanani ga 'yar karkara wadda ofisoshin ke nesa da ita.

9.0 Kammalawa

An ga cewa Hausa ta karɓi kalmomin yara guda biyu daga Ingilishi a zanguna biyu. "Boyi" ta shigo ta hannun maza a zamanin mulkin mallaka da ma'anar bara. "Bebi" ta shigo daga baya ta hannun mata, ta hanyar asibiti da kanti da makaranta da fim, ta kuma zauna a gurbin alkunya inda Goggo da Inna da Ummi suka riga ta.

Abin da ya rage aiki ne ga masana. Ya kamata masu tsara ƙamus su shigar da kalmar da ma'anoninta uku a rarrabe, tare da nuna amfaninta a matsayin sunan alkunya. Ya kamata malaman firamare, musamman na karkara, su riƙa tambayar sunan yanka kafin su rubuta yaro a rajista. Ɗaliban da ke neman batun digiri kuma suna da fage a ƙasar Gaya da Ajingi: a bi gida-gida a rubuta sunayen da ake kiran kakanni da iyaye da jikoki, a gwama su, a ga wane suna ya tafi, wane ya tsaya, wane ya shigo, tun tsofaffin da suka san dalilin kowane suna suna nan da rai.